Gurbin Sifana a Akwatin Baba

Abu na farko da aka tambaye ni a Riyad ba sunana ba ne. Mai duba kaya a filin jirgi ya zuge jakata, ya ɗaga zannuwana da ƙullin kuka da daddawar da Inna ta naɗe cikin leda uku, sai ya zaro wata ƙaramar sifana da tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ya juya ta. Ya dubi takarduna da suka ce ni ma'aikaciyar jinya ce, sannan ya dube ni.

"Wannan fa?" ya ce da Turanci.

"Ta babana ce."

Ya ɗan jira ko zan ƙara bayani. Ban ƙara ba, don bayanin yana da tsawo, kuma akwai layi a bayana. Ya mayar da ita cikin zannuwan, ya yi mini nuni in wuce.

Baba makaniken jirgin sama ne. Ya yi aikinsa duka a barikin sojan sama da ke Kaduna, bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai kuma taɓa sha'awar tuƙawa ba. Zamanin da ake kwasar sojojinmu zuwa yaƙin wata ƙasa ta bakin teku, shi da abokan aikinsa ke duba manyan jiragen dakon nan masu farfela huɗu kafin su tashi. Ya taɓa gaya mini cewa samarin sukan hau a jere suna raha, in jirgin ya dawo kuma a sauke waɗansunsu a kwance. Ya ce harsashi ba ya cikin ikonsa, amma inji yana cikin ikonsa.

Aikinsu yana da wata ƙa'ida da ya kawo mana har gida. Kowane ƙarfe yana da gurbinsa a akwatin kayan aiki. Ana yanka soso daidai siffarsa, a shafa jan fenti a ƙasan gurbin. In an tashi aiki da ƙarfe uku, sai a buɗe akwati a duba. Idan aka ga ja, wani ƙarfe bai dawo ba ke nan, kuma ba jirgin da zai motsa, ba mutumin da zai tafi gida, sai an nemo shi, domin sifana ɗaya da aka manta a cikin jirgi ta isa ta hallaka duk wanda ke ciki. Ba ya kuma isa a ce ga ta nan an gani. Sai wanda ya samo ta ya tsaya a gaban jirgin, ya faɗi sunansa, ya faɗi inda ya same ta. Sannan babban makanike ya ce jirgi ya tashi.

Da ya yi ritaya ya haɗa nasa akwatin a gida, iri ɗaya sak, yana gyara wa maƙwabta janareta da keken ɗinki. Kayansa duk ya yi musu zane uku da zarto a jikin mariƙi. Ni ce mai kiran kaya tun ina firamare. Ya buɗe akwati, ni in tsaya ƙiƙam ina kiran sunayensu, yana amsawa. Kofur yake ce mini, ni kuma in ce masa Oga. Ranar da zan taho ne ya ciro ƙaramar sifanar ya danƙa mini.

"Akwatin nan ba zai rufu ba sai kin dawo da ita da hannunki, Kofur."

A lokacin ya fara 'yan mantuwa, amma irin waɗanda ake dariya a kansu, kamar neman hular da ke kansa.

Zango na farko shi ne Sina'iyya. Haka kowa ke kiran Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin Riyad. Mutumin da ya yi mini hanyar aikin a Kano ya nuna mini hoton wani asibiti mai farin daɓe da furanni a ƙofa. Motar da ta ɗauke ni daga filin jirgi ta wuce duk wuraren da za a iya samun fure, ta sauke ni a wata masana'antar kwali. Asibitin nawa ɗaki ɗaya ne a jikin sito, gado biyu, durowar magani ɗaya, da taga mai kallon bango. Kafilina, wato mai masana'antar da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya karɓi fasfona ya ce ajiya ce. Da katin ikama, wato izinin zama, ya fito bayan wata huɗu, sai na ga an rubuta aikina shara. Na kai masa, ya ce, "Mafi mushkila," ma'ana ba komai, ya ci gaba da waya. Daga ranar na koyi tafiya a gefen hanya kaina a ƙasa, kada wani mai kaki ya tambaye ni abin da mai shara ke yi da farar riga. Wanda ya nuna mini hoton kuwa, lambarsa ta daina shiga.

Iskar wurin ƙamshin gam take yi da jiƙaƙƙiyar takarda. Ana kawo mini 'yan Bangaladash da Nefal da Sudan da yatsu a yanke, ina ɗaure musu, ba mu da harshe ɗaya sai na rintse ido. Da ba kowa, nakan tsinci yankakkun kwalaye in rubuta 'yan baitoci a kansu, galibi game da ruwan sama, don shi na fi kewa bayan iyayena. Abokiyar aikina, Sista Mini, 'yar Indiya ce, Kirista, ta girme ni sosai. Ba ta taɓa tambayata abin da nake rubutawa ba. Takan dai ajiye mini shayi mai citta a kan kwalin, ta koma kujerarta.

Hausa ta farko da na ji a Riyad faɗa ce ake yi wa ƙofar mota.

"Allah ya shirye ki, ƙofar nan. Shekara nawa ina lallashinki?"

Na fito a guje da auduga a hannu. Wani dattijo ne mai furfura a gemu yake kokawa da bayan diyana, ƙaramar motar dakon nan tasu, cike da albasa da tumatir. Na gaishe shi. Ya saki ƙofar, ta kuwa buɗe da kanta.

"Ikon Allah. 'Yar ina ce?"

"Kaduna, Kawu."

"To ni Funtuwa. Mun zama dangi, ba ki da yadda za ki yi."

Kawu Isiyaku ke nan. Kullum da safe yana kawo kayan miya daga babbar kasuwar Aziziya zuwa kicin ɗin ma'aikata. Ya fi shekara ashirin a ƙasar. Yana da ciwon suga, ni nake gwada masa, yana rantsuwa bai ci dabino ba alhali ga ƙwallayen a gaban motarsa. Yakan ware mini kuɓewa ɗanya da ɗan attarugu, ya ce rara ce, ko da yake na san ba rara ba ce.

A wata na bakwai Inna ta kira ni, ta ce ta gaji da ɓoye mini. Mantuwar Baba ta wuce ta dariya. Kullum ƙarfe uku sai ya buɗe akwati, ya ga jan nan, ya miƙe tsaye. Ya manta shi ya ba ni sifanar. A ransa an bar ta a cikin wani jirgi, kuma jirgin yana shirin tashi. Yakan tare ƙofar gida ya ce ba mai fita. Ba ya cin abinci sai an yi dabara. In jirgi ya wuce ta sama, sai ya fito tsakar gida yana ɗaga hannu, gumi na zuba, yana cewa akwai 'ya'yan mutane a ciki.

"Na je kasuwar Panteka na sayo irinta," in ji Inna. "Ya juya ta sau ɗaya ya ce ba tamu ba ce, ina zane uku? Ya miƙo mini abata."

Washegari da ƙarfe biyar na nan, wato uku na gida, na kira su ta bidiyo. Na ɗaga sifanar a gaban waya.

"Baba, ga ta nan. Tana wurina."

Ya matso da fuskarsa. Ya dubi sifanar, ya dube ni, irin kallon da ake yi wa baƙo a tasha.

"Baiwar Allah, ina kika samo kayan aikin mutane? A wane jirgi?"

Ba ni da jirgi. Akwai gado a bayana, da durowar magani. Ya kau da kai ya ce wa Inna wannan ba rahoto ba ne.

Ban yi kuka a lokacin ba. Sai da na je wanke hannu na ga famfon yana ɗiga, na tuna da yana nan da ya gyara shi ko ba a sa shi ba.

Na ce zan aika da ita ta hannun masu zuwa gida. Inna ta ce, "In ta zo a ambulan zai ce wa ya samo, a ina. Kin san mutumin." Ni kuma zuwa ba ya yiwuwa, fasfo yana durowar wani, sauran kwantiragina ya fi shekara.

Kawu Isiyaku ya lura da idanuna da safe. Na ba shi labarin yana miƙo mini yatsa in tsira allura. Ya danne yatsan da auduga.

"Jirgi kike nema?"

"Jirgi, Kawu. Mai farfela huɗu."

"Akwai wani gidan tarihi can gabas, kan hanyar filin jirgi. Sun jere tsofaffin jiragen yaƙi a fili kamar shanu a kara. Ina ganin wutsiyoyinsu ta saman katanga in na wuce. Ban taɓa ƙirga farfela ba, amma akwai wani ƙato mai tumbi."

Zango na biyu shi ne Murabba, kuma ba can na nufa ba. Ranar hutuna Kawu yana da lodi, ni kuma na ƙagu. Na saka abaya, na tari tasi. Na nuna wa direban hoton jirgi a wayata, na gaya masa gidan tarihin jirage nake so. Ya buga ƙirji ya ce ya san shi kamar gidansu. Ya yi ta kewaye da ni, daga ƙarshe ya tsaya gaban wani babban gini mai launin ƙasa, ya ce in shiga, jiragen suna ciki. Kafin in juyo ya ɓace.

Gidan tarihi ne, amma ba nawa ba. Na bi ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya ina neman fiffike. Na ga tukwanen mutanen da, da rubutu a jikin duwatsu, da wani ƙaton baƙin dutse da aka ce daga sama ya faɗo cikin hamada. Na tsaya gabansa na daɗe. Shi kaɗai ne a ginin ya taɓa tashi sama, kuma shi ma faɗowa ya yi.

Ƙarfe biyar ta same ni a kan ciyawar da ke waje, tsakanin iyalai da suka shimfiɗa darduma suna shan gahawa. Wayata ta yi ƙara. Inna ce, tana haki. Baba ya ji ƙarar jirgi ya yi waje da gudu, ya yi tuntuɓe a dokin ƙofa, goshinsa ya fashe. An ɗinke. Amma Baffa, yayan Baba, ya zo ya ga jinin, ya ce abin ya isa haka. In wata ya mutu ba sauƙi, zai kai shi wurin wani mai magani a ƙauyensu. Na san wurin. Na san ɗakunan ba su da taga, kuma ana sa wa marasa lafiya mari a ƙafa.

"Mutumin da bai taɓa zagin kowa ba, Safiya," in ji Inna. "Laifinsa kawai yana tsoron kada 'ya'yan mutane su faɗo."

Da na ajiye wayar, sai na ga hannu a gabana riƙe da ɗan ƙaramin kofi. Wata tsohuwa ce daga dardumar kusa. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ba ni gahawa, ta ba ni dabino uku, ta zauna kusa da ni har na shanye, ta ƙara mini, sannan ta koma wurin jikokinta.

Kawu ya yi mini faɗa sosai da ya ji.

"Kina da kawu mai mota kika je kika ba ɗan tasi kanki? Ranar Talata ki shirya da la'asar."

Talata ba hutuna ba ce. Sista Mini ta ce in tafi, in an tambaya ita ta san abin da za ta ce. Na hau diyana, wadda ba ta da kujerar baya. Kawu ya ɗauko kwalin lemon tsami ya dasa a tsakaninmu.

"Ga muharraminki nan. In ya ga ba daidai ba zai yi magana."

Muka bi ta Aziziya ya sauke sauran buhunan albasa, sannan muka hau babban titi muka miƙe. Ina riƙe da sifanar a aljihun abaya har ta yi ɗumi. Wani abu yana damuna, na kasa haɗiye shi.

"Kawu, abin nan ba ƙarya zan yi masa ba?"

"Sifanar tasa ce?"

"Tasa ce."

"Jirgin jirgi ne?"

"Jirgi ne."

"Ke 'yarsa ce? To nuna mini inda ƙaryar take, in taka burki."

Sai da muka bi ta cikin babban zaure kafin mu fita filin. Akwai sanyi a ciki, da shiru irin na masallaci tsakanin salloli. Kakin matuƙa a cikin gilashi, hulunansu, lambobin yabo, injuna da aka buɗe cikinsu. A jikin bango hotunan samari ne baƙi da fari, kowa ya dafa jirginsa yana murmushi. Wani mutum ya tsaya gaban ɗaya daga ciki ya ɗaga hannuwa yana addu'a, na gane ba duka suka tsufa ba. Na bi hotunan ina neman masu irin aikin Baba. A can gefen wani hoto na ga rabin mutum, kafaɗa da hannu ɗaya, yana riƙe wa matuƙi tsani. Mai ɗaukar hoton bai ma san ya shigo ba. Na yi masa sallama a zuciyata.

A waje rana ta yi laushi. Jiragen suna tsaye a jere, masu hanci kamar allura, masu fikafikai a lanƙwashe, fentinsu ya koɗe, tattabaru suna shiga inda wuta ke fita a da. Ban taɓa ganin abin da aka yi don gudu ya natsu haka ba. Sai na hango shi a can ƙarshe, mai tumbin, hancinsa baƙi, farfela biyu a kowane gefe. Na san shi daga hoton da ke falonmu. Ji na yi kamar na haɗu da abokin Baba a ƙasar da ban san kowa ba.

Saura minti goma biyar ƙarfe biyar ta cika. An kewaye jirgin da igiya. Na miƙa wa Kawu wayar, na duba hagu da dama, na sunkuya na shige ta ƙarƙashi, na ɗora sifanar a kan babbar taya.

"Mamnu'."

An hana, ke nan. Muryar ba ta da ƙarfi, amma na tsaya cak. Mai gadi ne, dogo, gashin bakinsa fari fat. Ya tako a hankali, idonsa ba a kaina ba, a kan tayar. Sai a lokacin na ga kaina yadda yake ganina: baƙuwa ta tsallake igiya ta ajiye ƙarfe a jikin jirgin soja.

"Me kika sa a can? Ikama."

Na miƙa masa katin. Kawu ya shiga zuba Larabci, rantsuwa da roƙo a haɗe. Mai gadin ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya karanta katin, na ga idonsa ya tsaya a kan layin da aka rubuta shara. Ya sa shi a aljihun rigarsa. Na tuna Baffa, na tuna ɗakin da ba taga, na ce shi ke nan, na ƙara wa Inna wani tashin hankalin.

Ya tsallaka igiyar ya ɗauki sifanar. Ya auna nauyinta a tafinsa. Babban yatsansa ya bi mariƙin, ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Sau uku.

"Ta wa ce?"

Na gaya masa da guntun Larabcina, Kawu yana cike inda na faɗi. Akwati, jan fenti, ƙarfe uku, goshin da ya fashe. Bai katse mu ba. Da muka gama ya daɗe yana kallon farfela.

"Nawa kayan aikin, alamarsu ɗigo biyu ne na koren fenti," ya ce. "Irin wannan jirgin na yi ta gyarawa har gwiwoyina suka ƙi."

Sannan ya girgiza kai, kamar malamin da ɗalibi ya ba kunya.

"Ya binti, 'yata, ba wanda ke manta sifana a kan taya. Makaho ma zai gan ta. Babanki zai gane wasa ne."

Ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu cikin ramin da tayar ke shiga, can bayan wani ƙarfe, na ji ɗan ƙaran ajiyewa. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

"Nan ne take ɓuya. Kin san yadda ake zagayen duba jirgi?"

"Daga hanci, a bi hagu."

Ya ɗan yi murmushi. Wayar ta yi ƙara a hannun Kawu, kiran Inna ne. Mai gadin ya karɓa, ya ja da baya har jirgin ya shiga hoton gaba ɗaya.

Baba yana tsaye a tsakar gida, filasta a goshi, akwatin a buɗe kan benci. Ina jin Inna tana cewa, "Malam, duba nan, ana kira daga wurin aiki." Ya juyo a fusace. Sai ya tsaya cak. Na ga bayansa ya miƙe, kafaɗunsa suka koma inda na san su.

"Wa ke kan jirgin nan?"

"Kofur ce, Oga."

"Fara daga hanci. Ban da sauri."

Na fara. Na ɗora tafina a kan ƙarfen, yana da ɗumin rana kamar jikin dabba. Na bi hagu, mai gadin yana biye da ni da wayar. Baba yana ba da umarni, muryarsa tsaf, ba gargada ko ɗaya. Duba ƙasan ƙofa. Ɗaga kai ki dubi farfela ta biyu. Da na iso tayar ya ce in tsaya.

"Wane ne ya bar taya haka ba iska? Wane irin sakaci ne wannan?"

Mai gadin ya tambayi Kawu abin da ya ce. Da aka fassara masa, ya kaɗa kai da gaske.

"Gaya masa yana da gaskiya. Ni ma na faɗa musu."

"Ya ce za a gyara, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

"Gara dai. Kofur, sa hannu a ramin. Bi bayan ƙarfen da yatsa, kada ki dogara da ido."

Na durƙusa. Ciki duhu ne, da ƙamshin tsohon man inji, ƙamshin rigunan Baba in ya dawo aiki. Yatsuna suka yi ta lalube ba su sami komai ba. Sai na taɓa ta. Na zaro, na miƙe, na ɗaga ta a gaban waya.

"Juya ta."

Na juya. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Leɓɓansa suna ƙirga zanen.

"Suna."

"Kofur Safiya."

"Wuri."

"Ramin tayar hagu, bayan ƙarfen ƙofa."

Wata tattabara ta tashi daga kan fiffike, na ji kaɗawarta. Mai gadin ya tsaya ƙiƙam, wayar ba ta ko motsi a hannunsa.

"Jirgi ya tashi," in ji Baba.

Ya zauna a kan benci a hankali, kamar wanda ya sauke buhu. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. Ya ce, "Hajara, akwai sauran abinci?" Inna ta ce akwai. Ta miƙa hannu za ta rufe akwatin, sai ya dafe murfin.

"Bar shi. Wannan gurbin na Safiyata ne. Ba ta dawo ba tukuna."

Ya sake duban wayar. Wannan karon ba jirgin yake kallo ba.

"Kin rame, Kofur. Ba sa ba ki abinci a can?"

Na ce suna ba ni. Na ce akwai kawuna a nan mai kawo mini kuɓewa. Kawu ya juya baya yana faɗa wa wani jirgin yaƙi cewa rana ce ta shiga masa ido.

Da aka kashe wayar, mai gadin ya ce mu sake yi, shi zai ɗauka a bidiyo. Ya ce mahaifiyarsa ta yi irin wannan ciwon, abin da aka warware yau yakan sake ƙulluwa gobe. Muka sake, tun daga hanci. Sannan ya ciro katina daga aljihu ya miƙo mini tare da sifanar, bai ce komai game da abin da ke rubuce a kai ba. Ya ɗaga mini igiyar na wuce a tsaye. Ban tambayi sunansa ba, har yau ina jin haushin kaina.

Gaskiyarsa ce. Baba bai warke ba. Akwai ranakun da jan nan ke sake tayar da shi, sai Inna ta kunna masa bidiyon, ya bi ni da ido tun daga hanci har ramin taya, ya yi mitar iskar tayar, ya ce jirgi ya tashi, ya ci abincinsa. Baffa ya zo ƙarshen wata ya same shi yana gyara wa maƙwabciya fitila, ya sha ruwa, ya koma bai ta da zancen ƙauye ba. Wasu ranakun Baba ya san ni, wasu ranakun ni baiwar Allah ce mai kirki da ke kira daga wurin aiki. Ina amsa duka biyun.

Har yanzu ina Sina'iyya, tagata tana kallon bango. Saura wata biyar. Sifanar tana aljihun farar rigata, tare da almakashi da biro. Inna ta ce akwatin yana nan kan benci a buɗe, ta dai yafa masa tsohon ɗankwalina, kuma ko ita ba ta yarda kowa ya taɓa murfin.